Gishiri Uku Masu Sa Zuciya Bugawa



Kafin mu shiga magana, ku yi wani abu. Ku ɗora yatsu biyu na hannun dama a wuyan hannun hagu, ta wajen babban yatsa. Ku danna kaɗan. Za ku ji wani abu yana harbawa. Bugun zuciyarku ke nan ya iso har hannu. In akwai agogo kusa, ku ƙirga na minti ɗaya. Babban mutum mai lafiya, in yana zaune yana hutawa, zai samu tsakanin 60 da 100. Na yaro ya fi haka sauri. A yini da kwana, zuciya tana bugawa wajen sau 100,000. A kowane minti tana tura wajen lita 5 na jini.

To, wa ke ba ta umurni? Hannu sai kun so yake motsawa. Ƙafa ma haka. Zuciya kuwa ba ta jiran izininku. Kuna barci tana aiki, kuna noma tana aiki. Abin da ke tafiyar da ita lantarki ne. Wannan lantarki kuma gishiri iri uku ne ke kawo shi. In ɗayansu ya ƙaranta ƙwarai, ko ya yi yawa, ko wani abu ya tare masa hanya, zuciya tana iya rikicewa, har ta tsaya. Sanin wannan yana iya ceton yaro mai zawo, da mace mai jego, da wanda ke shan magani ba awo.

Akwai lantarki a jikin mai rai

Wani zai ce, yaya za a yi lantarki a jikin mutum, ba waya ba inji? Mutumin Gaya ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Ku tambayi masuntan kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. Sun san kifin nan minjirya. Wanda ya kama ta da hannu sake zai ji ta fizge shi har kafaɗa. Babbar minjirya tana iya sakin wuta mai ƙarfin bolt 300 ko fiye. Wutar da ake jawowa gidaje bolt 220 ce. Minjirya ba ta da pil, wato batir, a cikinta. Wani nama ne ƙarƙashin fatarta yake yin wutar, kuma asalin naman nan tsoka ne.

A shekarar 1791 wani likitan ƙasar Italiya mai suna Luigi Galvani ya bayyana abin da ya gani ga ƙafar kwaɗo. Ya ga lantarki yana sa tsokar ƙafar ta harba, ko bayan kwaɗon ya mutu. Ya ce lalle jikin dabba yana da lantarki nasa na kansa. Binciken da aka yi bayansa ya nuna haka ne. Kowace tsoka da kowace jijiyar saƙo a jikinmu da lantarki take aiki. Sai dai namu ƙanƙane ne, shi ya sa ba ya jan kowa.

Da me aka gina zuciya?

Zuciya tsoka ce. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗaki huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama suna karɓar jini. Na ƙasa suna tura shi, ɗaya zuwa huhu, ɗaya zuwa sauran jiki.

Kamar yadda ake gina katanga da tubali, haka aka gina tsokar zuciya da ƙananan ƙwayoyi. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita mai ƙara girman abu. In aka jera guda 10 kai da kai, tsawonsu wajen milimita ɗaya ne, wato tsakanin ƙananan zane biyu na jikin ma'aunin ɗan makaranta. Zuciya ɗaya tana da irin waɗannan ƙwayoyi fiye da miliyan dubu biyu.

Kowace ƙwaya tana da fata siririya da ta kewaye ta. Cikinta akwai ruwa. Wajenta ma akwai ruwa, wanda ke zuwa daga jini. Duk ruwan biyu na gishiri ne, amma gishirin ciki dabam, na waje dabam. Ku riƙe wannan, domin a nan maganar take.

Gishiri a cikin ruwa

Mutanen Dallol Foga sun daɗe suna yin gishiri. Suna kankare ƙasa mai gishiri, su zuba mata ruwa, su tace, su dafa ruwan har ya ƙone, gishiri ya fito. Kafin a dafa, ina gishirin yake? Yana cikin ruwan, ya narke.

Lokacin da gishiri ya narke, yakan rabu gida biyu. Kowane ɓangare yana ɗauke da ɗan lantarki. Ku duba pil ɗin rediyonku. Kai ɗaya yana da alamar +, ɗaya kan yana da alamar −. Haka ɓangarorin gishiri suke, wani mai +, wani mai −. Masana suna kiran irin wannan ɓarɓashi mai ɗauke da lantarki ayon. In ayon masu yawa suka kwarara ta hanya ɗaya, wutar lantarki ke nan ta gudana.

Zuciya tana aiki da ayon iri uku, duk masu alamar +.

Na farko sodiyom. Shi ne ke cikin gishirin miya da cikin kanwa.

Na biyu potasiyom. Yana da yawa cikin wake, da dankali, da ayaba, da tumatir, da lemu, da dabino, da ganyayen miya.

Na uku kalsiyom. Yana cikin nono da madara, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Shi ne kuma ke ƙarfafa ƙashi da haƙori.

Ga yadda suka rabu. Sodiyom ya fi yawa a wajen ƙwaya, ya ninka na ciki fiye da sau 10. Potasiyom ya fi yawa a ciki, ya ninka na waje wajen sau 30. Kalsiyom kuwa na waje ya ninka na ciki wajen sau 10,000. Kowannensu yana neman ya bar inda ya yi cunkoso ya tafi inda ya yi ƙaranci. Fatar ƙwaya ce ta tare su.

Ƙofofi da famfo

Ku tuna da gonakin shinkafa na bakin kogi. Inji yana ɗaga ruwa daga kogi ya zuba a babban lambatu. Ruwan yana tsaye, ƙofa ta tare shi. Da an ɗaga ƙofa sai ya kwarara cikin gona da kansa, ba mai tura shi. An rufe ƙofa, ya tsaya.

Haka fatar ƙwayar zuciya take. Tana da ƙananan ƙofofi dubbai. Akwai ƙofar sodiyom, akwai ta potasiyom, akwai ta kalsiyom. Kowace ƙofa ta san mai ita. Kuma kowace tana da lokacin buɗewa da lokacin rufewa.

Akwai kuma famfo a jikin fatar, mai aikin injin ɗaga ruwa. Duk juyi ɗaya yana fitar da sodiyom 3, ya shigo da potasiyom 2. Dare da rana yake yi. Abincin da muke ci da iskar da muke shaƙa su ne mansa. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Jens Skou, shi ya gano wannan famfo a shekarar 1957.

Saboda wannan rabo, kowace ƙwayar zuciya kamar ƙaramin pil take. Lokacin da take hutawa, cikinta yana da alamar −, wajenta yana da alamar +. Ƙarfin pil ɗin rediyo bolt ɗaya da rabi ne. Na ƙwayar zuciya bai kai kashi ɗaya cikin 10 na bolt ɗaya ba. Kaɗan ne, amma ya isa.

Yadda bugu ɗaya ke faruwa

Yanzu mu bi bugu ɗaya daki daki.

Mataki na 1. Saƙo ya iso. Ƙofofin sodiyom sun buɗe gaba ɗaya. Sodiyom ya ruga ciki. Cikin ƙwaya ya juya daga − zuwa +. Wannan ya fi ƙiftawar ido sauri nesa ba kusa ba. Nan da nan ƙofofin suka rufe.

Mataki na 2. Ƙofofin kalsiyom sun buɗe. Su ba su da gaggawa. Kalsiyom yana shiga a hankali. Ɗan wanda ya shiga sai ya buɗe wani rumbu da ke cikin ƙwayar, inda aka tara kalsiyom mai yawa. Duk ya fito. Ya kama wasu zaruruwa da ke cikin ƙwayar, suka ja juna, ƙwayar ta takure. In ƙwayoyi duka suka takure tare, zuciya ta matse, jini ya fita. Abin da kuka ji ke nan a wuyan hannunku.

Mataki na 3. Ƙofofin kalsiyom sun rufe. Ƙofofin potasiyom sun buɗe sosai. Potasiyom ya fita. Cikin ƙwaya ya koma − kamar da. An mai da kalsiyom rumbunsa. Ƙwaya ta saki, zuciya ta buɗe, sabon jini ya shiga.

Famfo kuwa yana nan yana mai da kowa gidansa, sodiyom waje, potasiyom ciki, don bugu na gaba.

Duk wannan yana ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin 3 na daƙiƙa ɗaya. Ku tuna, daƙiƙa 60 ke yin minti ɗaya. A wannan ɗan lokaci ƙwaya ba ta karɓar wani sabon saƙo, sai ta gama na farko. Wannan kariya ce babba. Tsokar ƙafa tana iya ɗaurewa ta ƙi saki. Da zuciya za ta yi haka, da jini ya tsaya.

A taƙaice: sodiyom ke tayar da ƙwaya, kalsiyom ke sa ta matse, potasiyom ke mai da ita hutawa.

Makaɗin zuciya

Saura tambaya ɗaya. Daga ina saƙon farko ke fitowa?

In an yi gayya a gona, makaɗi ne ke daidaita manoma. Ya buga ganga, kowa ya sara tare. In ba shi, wannan ya yi gaba, wancan ya yi baya. Zuciya ma tana da makaɗinta. Wani ɗan gungu ne na ƙwayoyi a saman ɗakin sama na dama. Masana biyu na Birtaniya, Arthur Keith da Martin Flack, suka gano shi a shekarar 1907.

Ƙwayoyin makaɗi ba su hutawa sosai. Suna da wata ƙofa mai yoyo, wadda sodiyom ke ɗiga ta cikinta kaɗan kaɗan. Kamar tulu ne a ƙarƙashin indararo. In ya cika sai ya tuntsure, a sake tarawa. Duk cika ɗaya, saƙo ɗaya. Saƙon yana bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya, domin akwai ƴan hanyoyi da suka haɗa kowace da maƙwabciyarta. Ɗakunan sama su fara matsewa. Sai saƙon ya ɗan dakata a wata mashiga ta tsakiya, wajen kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa, don ɗakunan ƙasa su cika. Sa'an nan ya wuce, su ma su matse.

In kun tsorata ko kuna gudu, jiki yana sa yoyon ya ƙaru, makaɗi ya yi sauri. In kuna barci yoyon ya ragu.

Yaya aka san duk wannan?

A birnin Landan, a shekarun 1882 da 1883, wani likita mai suna Sydney Ringer yana bincike da zuciyar kwaɗo. Yana sa ta cikin ruwan gishiri, tana ta bugawa awa da awa. Daga baya ya gane mai taimaka masa da ruwan famfo yake haɗa ruwan gishirin, maimakon tataccen ruwa. Da aka gwada da tataccen ruwa da gishirin miya kaɗai, sai zuciyar ta raunana ta tsaya. Ringer ya bincika, ya ga ruwan famfon yana da ɗan kalsiyom. Ya ci gaba da gwaji har ya tabbatar zuciya tana bukatar sodiyom da potasiyom da kalsiyom, kowanne da awonsa. Har yau akwai ruwan da ake ƙara wa majiyyaci ta jijiya mai ɗauke da sunansa. In kun duba jikin robar za ku iya karanta Ringer.

A shekarar 1903 Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera na'urar da ke auna lantarkin zuciya daga saman fata, ta zana shi a takarda. Jikokin wannan na'ura suna manyan asibitoci yau. Ana manna wa mutum ƴan wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa. Ba ta sa wa mutum wuta, ba ta da zafi. Saurare kawai take yi. Daga zanen likita yana iya gane ko makaɗi yana daidai, har ma ya yi zaton ko potasiyom ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

A shekarar 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila suka bayyana yadda shigar sodiyom da fitar potasiyom ke yin saƙon lantarki a jijiya. A 1976 kuma Erwin Neher da Bert Sakmann na Jamus suka auna wutar da ke bi ta ƙofa ɗaya tak. Ashe ƙofofin nan ba zato ba ne, an auna su.

Zawo yana kwashe gishirin zuciya

Yanzu mu dawo gida. Ina amfanin wannan sani gare mu?

Mai zawo da amai ruwa yake zubarwa, kuma ruwan yana tafiya da sodiyom da potasiyom. In potasiyom na jini ya yi ƙasa ƙwarai, mataki na 3 ba ya tafiya daidai. Ƙwaya ba ta komawa hutu kan lokaci. Wasu ƙwayoyin su fara bugun kansu ba tare da jiran makaɗi ba. Jiki ya mutu, ciki ya kumbura, bugun zuciya ya rikice. Ga kuma jini ya ragu saboda rashin ruwa. Haka kwalara ke kashe babban mutum cikin yini ɗaya. Cutar ta sake shigowa Afirka ta Yamma a shekarar 1970, kuma ta sha dawowa. A 2021 ma ta ɓulla a jihohi da dama na Nijar. Garin da ke bakin kogi, ga gada, ga kasuwa, ga matafiya daga Malanbil da Kamba kullum, dole ya zauna da shiri.

Maganin yana cikin ƴar fakitin nan ta gishiri da sukari da ake bayarwa a gidan likita, wadda ake rubuta wa SRO ko ORS. Fakitin lita ɗaya tana da gishirin miya giram 2.6, da gishirin potasiyom giram 1.5, da sukari giram 13.5, da wani gishiri mai gyara jini giram 2.9. Sukarin yana taimaka wa hanji ya tsotsi sodiyom da ruwa. Ga ƙa'ida:

Ku karanta yawan ruwan da aka rubuta a jikin fakiti. In lita ɗaya aka ce, ku auna lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kada ku rage ruwa don maganin ya yi ƙarfi. Gishiri mai yawa yana cutar da yaro.

Ku ba shi kaɗan kaɗan, da cokali ko da ƙaramin kofi. In ya yi amai ku dakata minti 10, ku ci gaba.

Abin da ya kwana ya yini, ku zubar, ku haɗa sabo.

Kada a daina ba da nono. Kada a hana abinci.

In babu fakiti, ku haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba tozo, cikin lita ɗaya ta ruwa. Amma wannan haɗi ba shi da potasiyom. Don haka ku haɗa da ayaba, ko ruwan lemu, ko dafaffen dankali. Ƙasar Gaya ba ta rasa waɗannan ba.

In ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya kuka, ku kai shi asibiti nan take. Yaro mai tamowa kuwa, ko ba zawo, potasiyom ɗinsa a ƙasa yake. In zawo ya kama shi, kada ku tsaya yi a gida. Likita yana da haɗi na musamman dominsa.

Ku sani kuma, yawan potasiyom ma yana tsai da zuciya. Ƙoda ce ke fitar da rarar. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita abin da zai ci. Kada kowa ya sayi ƙwayar potasiyom ya sha da kansa.

Mai jego da kanwa

A asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Sun fitar da sakamakon a shekarar 1978. Matan suna zuwa da kumburin ƙafa, da haki, da tari, ba su iya kwanciya sai a jingine. Likitocin sun lura da al'adun jego: kunun kanwa mai yawan kanwa, da wankan ruwan zafi safe da yamma, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa. Sun ga waɗannan suna ƙara wa zuciya nauyi.

Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar hawan jini lokacin ciki, da rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom. Kanwa ita kaɗai ba ta isa ta bayyana cutar ba. Amma abu ɗaya tabbatacce ne. Kanwa cike take da sodiyom, potasiyom ɗinta kaɗan ne. Jiki kuma ba ya yarda awon sodiyom na jini ya canza. In sodiyom ya shiga da yawa, sai jiki ya riƙe ruwa don ya sirka shi. Ruwa ya ƙaru a jijiya, aikin zuciya ya ƙaru. Zuciyar da ta riga ta gaji da ɗaukar ciki wata tara, an ƙara mata kaya.

Iyaye mata da ungozomai, ku ne masu kula da mai jego. Ku rage kanwa a kununta, ku rage gishiri a miyarta. Ku ba ta wake, da kifi, da nama, da ganye. Maigida, in ka ga ƙafar matarka ta kumbura bayan haihuwa, ko tana haki daga ɗaki zuwa madafa, kada ka ce gajiyar jego ce. Ka kai ta asibiti. Akwai magani, kuma mata da yawa suna warkewa in an fara da wuri.

Dafi da magani

Maharban ƙasar Hausa na da suna shafa wa kibiya dafin kwankwani. Dabbar da aka harba takan yi ɗan gudu ta faɗi. Yau mun san dalili. Dafin yana toshe famfon nan mai fitar da sodiyom. Sodiyom ya taru a cikin ƙwaya, shi kuma ya hana kalsiyom fita. Zuciya ta matse da ƙarfi, ta rikice, ta tsaya. Farin ruwan tumfafiya ma yana da dafi irin wannan. Ku hana yara wasa da shi, kada kuma a sha shi da sunan magani.

Abin mamaki, likitoci suna da ƙwaya mai aiki ta wannan hanyar, sunanta digoksin. Kaɗan daga cikinta yana ƙara wa raunanniyar zuciya ƙarfi. In ta wuce awo ta zama dafi. In potasiyom na jini ya yi ƙasa, haɗarinta ya ƙaru. Maganin sa fitsari da ake ba masu kumburi kuwa, wani irinsa yana fitar da potasiyom. Shi ya sa likita ke cewa a dawo a auna jini. Ku koma ranar da ya ce.

Wasu magungunan hawan jini ƙofar kalsiyom suke ragewa. Kinin da kulorokin, wanda da yawa suka sani da sunan Nivaquine, suna taɓa ƙofofin sodiyom da na potasiyom. A bisa awo ba laifi. In suka yi yawa suna iya tsai da zuciya cikin ƴan awoyi. Ƴan ƙwayoyin kulorokin na manya sun isa su kashe ƙaramin yaro. Ku ajiye magani inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada ku ninka awo don ku warke da sauri. Kada ku sayi ƙwayoyi barkatai a tire ku haɗa su ku sha, domin magani biyu masu taɓa ƙofa ɗaya suna iya haɗuwa su rufe ta. In kun je wurin likita, ku tafi da duk maganin da kuke sha, har na gargajiya, ku nuna masa.

Wutar lantarki ta gida ma tana rikita makaɗin zuciya. In wuta ta kama mutum, kada ku taɓa shi da hannu. Ku kashe wutar tukuna, ko ku ture wayar da busasshen icce.

Alamomin da ba a jira da su

Ku kai mutum asibiti ba tare da ɓata lokaci ba in kun ga ɗayan waɗannan:

Ya suma ba dalili, ko da ya farfaɗo.

Zuciya tana bugawa da sauri ƙwarai yana zaune, ko tana tsallake bugu, tare da jiri.

Bugun babban mutum ya yi ƙasa da 50 a minti kuma yana jin jiri ko kasala.

Ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora masa dutse.

Haki da kumburin ƙafa, musamman ga mai jego.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Ku faɗi sunan gishiri uku na zuciya, da aikin kowanne.

2. Me ya sa ba a rage ruwa in ana haɗa fakitin gishiri da sukari?

3. Wane abinci ne a kasuwarku yake da potasiyom?

4. Yaya ake yin kunun mai jego a garinku? Me za a iya gyarawa?

5. Kowa ya ƙirga bugun zuciyar na kusa da shi na minti ɗaya, ya rubuta adadin a littafinsa. Sa'an nan a tashi a zauna sau 10, a sake ƙirgawa, a rubuta. Me kuka gani?

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa na gida.